Yadda Inna Kulu Ta Ɓace a Cikin Kwamfutata

Kura, Jihar Kano,
Lahadi, 15 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Yaya Abdulsamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Latifa da ɗana Jamaluddeen. Allah ya sa wa karatunka albarka, ya sauƙaƙa muku zaman Indiya, ya dawo mana da ku gida lafiya da abin da kuka je nema. Mu nan duk muna lafiya, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi sosai, har ta koma zuwa Islamiyyar safe, ko da yake in an ce ta rage tsayuwa a madafa sai ta ce mu ne ba mu iya tuwo ba. Baba ya gama da shinkafar damina, ya shiga noman rani, gonar bakin titi tumatir ya sa mata, ta ciki kuma alkama. Yaya Sa'a ta zo mana kwana biyu da Halimatu Sa'adiyya, yarinyar ta fitar da haƙora biyu, kuma duk abin da ta kama sai ta gwada su a kansa, har da wayar cajin kwamfutarka.

Na zaɓi in rubuto maka a takarda ne, don in na fara ba ka labari a waya sai ka katse ni da tambayar a wane layi na manhajar ne matsalar take, kafin in kai ƙarshe data ta ƙare. Yau dai sai ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa. Kuma kada ka yi min dariya sai ka gama, in ka gama ka yi son ranka, ni ma na yi wa kaina.

Ka san reshen kanal ɗinmu gona hamsin da takwas yake shayarwa, kuma kwana uku kawai ake sako mana ruwa a mako, Asabar da Lahadi da Litinin. Ka kuma san yadda ake fama da rabon layi. Alhaji Sammani, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa, shi ke riƙe da littafin sunaye, duk mako ya juya jerin don kada mutanen ƙarshen kanal su riƙa zama na baya kullum. To amma kafin labari ya kai wa kowa, wani ya ce ba a faɗa masa ba, wani ya ce shi da hantsi aka ce masa, sai ka ga dattawa biyu a bakin kanal kowa riƙe da bututunsa ana nuna wa juna yatsa. Tun da ka bar min tsohuwar kwamfutarka da darussan nan na Python na koyon rubuta manhaja nake ta tunanin abin nan. Wata huɗu na yi ina haɗa 'yar manhaja da za ta karanta sunayen manoma, ta juya jerin da kanta, ta ba kowa ranarsa da lokacinsa, sannan ranar Juma'a bayan La'asar ta tura wa kowa saƙon tes a wayarsa. Ban gaya maka ba saboda ina so sai ta tsaya da ƙafarta, in turo maka ka ji kunyar cewa da ka yi ba zan wuce darasi na biyar ba.

Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo. Ashe ya ɗauki maganar ya kai taron ƙungiya. An ce mutane da yawa sun ƙi, wasu suka ce ruwa ba abin wasan yara ba ne, wasu suka ce yarinyar da ba ta taɓa riƙe fartanya wuni guda ba ina ta san ban ruwa. Sai Baba ya miƙe ya ce a gwada na wata ɗaya, in gonar wani ta sha wahala saboda wannan abu, to shi za a kama, kada a nemi kowa. Yaya, ka san Baba ba ya sa bakinsa a abin da bai tabbatar ba, shekara talatin mutanen nan suna karɓar maganarsa ba tare da shaida ba. Da Umma ta ba ni labari na ji daɗi ƙwarai, amma kuma na san yanzu mutuncinsa ne ke rataye a kan abin da na rubuta.

Juma'ar farko na danna, saƙonni suka tafi, na ji kamar in yi guɗa. Washegari mutum ɗaya ne ya kawo ƙara, Musbahu mai gonar albasa, ya ce shi bai ga komai ba. Na ce sabis ne, ai kowa ya san yadda yake yi a wajen gonarsu. Alhaji ya duba littafi ya sama masa lokaci, magana ta wuce. Mako na biyu Musbahu ya tare ni a hanya yana murna saƙonsa ya shigo, na ce ka gani ko, dama na faɗa. Na riƙa tafiya a gida kamar wadda ta ƙera jirgi, har Yaya Sa'a ta fara kira na injiniya.

Ranar Litinin da yamma, bayan an rufe ruwa, Baba ya shigo gida fuskarsa ba daɗi. Ya ce Inna Kulu ba ta samu ruwa ba. Ka tuna ta, matar marigayi Malam Abbas, wadda take ba mu gyaɗa in mun wuce ta ƙofar gidanta. Tun rasuwar mijinta ita ke noma 'yar gonar da ya bari, kuma bana tumatir ta dasa, kwana goma kacal da dashe. Ta zauna tun Asabar tana jiran a ce mata ga lokacinta, ba ta so ta je ta yi rigima a bakin kanal, har aka rufe ruwa. Lokacin nata kuwa manhajata ta raba wa wasu, ko gurbi ba ta bar mata ba. Ba za a sake sakin ruwa ba sai Asabar, dashe kuwa ɗanye. Baba ya ce ya je ya gani da idonsa, kunyoyin da ke can ƙarshe sun fara kwantawa. Ya ce ya sa an kai mata jarkoki a kura don a ɗan riƙe su, amma jarka ba ta shayar da gona. Sannan ya faɗa min abin da Alhaji Sammani ya yanke: zuwa Juma'a in zo in faɗa wa ƙungiya dalilin da ya sa aka tsallake ta, dalili na gaskiya wanda za su gane, in ba haka ba a koma littafi. Baba bai yi min faɗa ba, ya ce min kawai in duba aikina. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata tun da na idar da sallar Asuba na buɗe kwamfuta. Na fara da jerin sunayen da na kwafa daga littafin Alhaji, ga Inna Kulu nan a layi na talatin da ɗaya, sunanta daidai, lambar waya cikakkiya, babu abin da ya ɓata. Na sa manhajar ta fitar da rabon wancan makon, babu Inna Kulu. Na sake, babu. Na kashe kwamfutar na kunna, wai ko za ta tuna, babu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ta yi ƙorafin komai ba. Ka san kuskuren da ke fito maka da jan rubutu ya nuna maka layin da ya lalace, wannan ai ɗan arziki ne. Nawa kuwa shiru, ta gama aikinta tsaf ta rubuta min an kammala, kamar ba ita ta bar gonar baiwar Allah da ƙishi ba. Na zargi wurin da ke juya jerin, na goge shi na sake rubutawa cikin fushi. Da na gwada sai ga shi ta ba manoma gaba ɗaya lokaci guda, Asabar da hantsi. Na hango su duka a bakin kanal da bututansu, na yi dariya har da hawaye, sannan na dawo da tsohon rubutun, don shi ba shi da laifi.

Sai na tuna ka taɓa cewa in abu ya gagara a gwada shi da ƙaramin misali. Na ƙirƙiri manoman ƙarya guda goma, duk na sa musu sunanka, Abdulsamad na ɗaya har zuwa na goma, na ba kowa gona da lambar waya. Yaya, mutanenka ba su ba ni matsala ko ɗaya ba. Na juya su sau ashirin, kullum goma suke shiga goma suke fita. Na mai da su ɗari, haka. Amma da na dawo da sunayen gaskiya sai Inna Kulu ta sake nutsewa. Na rasa abin yi, na ture kwamfutar na ce mata Allah ya isa. Umma tana tankaɗe tana kallona, ta ce ko in kawo ta a yi mata tofi, ai ba a rasa abin da ya shige ta ba. Yaya Sa'a kuma ta ce injiniya ya aka yi ne, ko jirgin ya faɗi. Ban kula su ba, na shiga ɗaki na ja ƙofa, raina a ɓace.

Laraba na daina zargi na koma bin sawu. A kowane mataki na sa manhajar ta faɗa min mutum nawa ke hannunta. Da ta karanta jerin ta ce hamsin da takwas. Da ta juya shi, hamsin da takwas. Da ta jera su don ba da lokaci, sai ta ce hamsin da shida. Na tashi tsaye! Ashe ba mutum ɗaya ya ɓace ba, biyu ne. Na bi suna bayan suna da yatsa, na gano na biyun Malam Abdurra'uf ne, malamin Islamiyyarmu. Shi da yake yana da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse a gonarsa, kuma mutum ne da ba ya son damun kowa, sai ya tayar da injinsa ya yi shiru. Na koma na gwada rabon makon farko, nan ma hamsin da shida, amma waɗanda suka ɓace wasu ne daban: Musbahu da Dattijo mai gona a ƙarshen kanal. Nan na gane na zalunci sabis, ba shi da hannu a maganar Musbahu. Na rubuta sunan Inna Kulu da na Malam a takarda ina neman abin da ya haɗa su. Ita mace, shi namiji, ita a ƙarshen kanal, shi a farko, ita tumatir, shi masara. Na ƙirga haruffan sunayensu, na duba ko wani fili ne ya yi yawa a layin. Na wuni a kai ban samo komai ba sai ciwon kai.

A nan ne shaiɗan ya zo min da dabara. Na ce ai layi biyu zan ƙara, in ce wa manhajar in ta gama ta duba, in ba ta ga Kulu ba ta cusa ta, in ba ta ga Malam ba ta cusa shi, Juma'a in je in ce an gyara. Har na rubuta. Da Baba ya dawo daga Magariba ya tambaye ni inda aka kwana, na faɗa masa dabarar ina ɗan sunkuyar da kai. Ya tambaye ni ko na san abin da ya fitar da su. Na ce a'a. Ya ce in bakin kunya ya fashe ka toshe da tsumma ba ka nemi ramin ɓeran ba, gobe ta wani wajen zai ɓalle, kuma ba ka san gonar wa zai ci ba. Ya ce shi ya fi son ya tsaya gaban mutane ya ce 'yarsa ta kasa, da ya ce ta gyara alhali ba ta gyara ba. Na goge layukan nan biyu a gabansa. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye maka ba, don ya rufe min ƙofar da nake shirin tsira ta cikinta.

Alhamis da safe Umma ta ce min kwana uku ke nan ina rarrashin ƙarfe, amma matar da na ɓata wa ban je na ba ta haƙuri ba, wannan wace irin tarbiyya ce. Gaskiya ta faɗa, kunya ce ta hana ni zuwa. Ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da daddawa a leda, na sa hijabi na tafi ina ta shirya kalaman da zan faɗa. Na tarar da Inna Kulu tana sussukar wake a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta na fara ba da haƙuri, ta ce in tashi in zauna a tabarma, ruwa na Allah ne, kuma ta san ba da gangan na yi ba. Wannan ya fi komai karya min zuciya. Da muka ɗan taɓa hira, sai na ce ta ba ni wayarta in duba, ko saƙon makon farko yana nan in ga yadda ya shigo. Ta dube ni ta fashe da dariya, ta ce ita wace waya gare ta, ita da ko bugawa ba ta iya ba. Ta ce ranar da aka zo rubuta sunaye aka ce dole kowa ya ba da lamba, sai ta ba da ta Dattijo, ƙanin mijinta, tun da katanga ce kawai tsakaninsu, in an kira ta ma ta nan ake samunta, ya ɗaga murya ya ce matar yaya ga kira.

Yaya, na ji kamar an watsa min ruwan randa. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Tana cikin magana Dattijo ya yi sallama ya shigo, dama ya ji muryata ta katanga. Na tambaye shi yadda aka yi a makon farko. Ya ce saƙo ɗaya ya gani, da sunan Kulu, sai ya ce a ransa wato yanzu har na'ura ta san a fara da manya. Ya shayar mata da gonarta, da ya ga ruwa bai ƙare ba kuma gonarsa na maƙwabtaka da tata, ya juya bututun ya shayar da tasa, bai ga dalilin kai ƙara ba. Mako na biyu kuma saƙo ya zo da sunansa shi kaɗai, ya ɗauka nata na tafe a baya, ya yi ta duba waya har Litinin. Inna Kulu ta ce ƙarya yake, dama ya daɗe yana hararar tumatirinta don ya fi nasa kyau. Ya ce in ya so gonar ai da auren ta zai yi ya huta. Suka shiga wasansu na matar wa da ƙanin miji, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi gida. Na tambaye shi Musbahu fa, ya ce ai wayar Musbahu ta faɗa kanal tun da damina, lambar surukinsa Malam Abdurra'uf ya bayar. Ban san lokacin da na miƙe ba, ko sallamar kirki ban yi musu ba, sai daga baya na aika da ban haƙuri.

Ga abin da ya faru, kuma na san ka riga ka gano kana murmushi. A darasin da na koya, malamin ya ajiye mutanensa ne da lambar waya, kowace lamba gurbi ɗaya, saboda a wajensa ba a samun mutum biyu da lamba ɗaya. Ni ma na bi shi ido rufe. To in manhajata ta sa Inna Kulu a gurbin lambar, ta zo kan Dattijo ta ga lamba iri ɗaya, sai ta fitar da ta farko ta zaunar da na biyu, ba tare da ta ce uffan ba. Da yake jerin juyawa yake duk mako, wanda ya zo daga baya shi ke share ɗan'uwansa, shi ya sa yau wannan ya ɓace gobe wancan. Manoman ƙarya kuma da na gwada da su, ni da kaina na raba wa kowa wayarsa kamar 'ya'yan gwamna. Abin da ya fi ba ni dariya da takaici shi ne ni ce fa na tashi a gidan da waya ɗaya ta Baba ta yi wa mutum tara aiki, har da maƙwabta, ka tuna yadda ake aiko mu mu kira Barira daga bayan gida in mijinta ya bugo daga Legas. Na san wannan tun ina ƙarama, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta garin da nake. Kuma da hannuna na shigar da lambobin nan, kwana uku ina kwafa, ban lura ba ko sau ɗaya.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na ba kowace gona lambarta ta kanta, daga ɗaya zuwa hamsin da takwas, na ce da ita za a riƙa ajiye mutum. Na sa in gonaki biyu suna waya ɗaya, a haɗa musu saƙo guda mai ɗauke da sunan kowa da lokacinsa. Sannan na ƙara abin da ya kamata in sa tun farko: ta ƙirga mutane a shiga, ta ƙirga a fita, in lissafin bai zo ɗaya ba ta ƙi tura komai ta yi min ihu da jan rubutu. Na danna. Hamsin da takwas, hamsin da takwas. Na juya jerin sau hamsin da takwas, kowane juyi na duba, ba wanda ya ɓace. Na yi wata irin ƙara da ta sa Umma ta fito da ludayi a hannu tana salati, ta ɗauka kunama ce ta harbe ni. Na rungume ta ina tsalle ina cewa ga Inna Kulu ta dawo, ta ce to sannu, dama ina ta je. Wallahi Yaya ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Yanzu na gane abin da ke sa ka manta da abinci in kana gaban allon nan.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya tafi da ni rumfar ƙungiya. Na yi ta tunanin yadda zan yi wa dattawa bayani, a ƙarshe na ce musu na gina wa kowace waya ɗaki ɗaya mai gado ɗaya, in baƙo na biyu ya zo sai ya ture na farko ya kwanta, yanzu kuwa kowace gona na gina wa nata. Na ce laifina ne, ba na na'ura ba, ba na sabis ba. Alhaji Sammani ya ce wannan magana ta shiga kunne, amma gani ya kori ji. Ya buɗe littafinsa ya ce in tura a gabansu, shi zai kira suna ɗaya bayan ɗaya. Na danna. Wayoyi suka fara ƙara a aljifai kamar an saki 'yan tsaki. Ya riƙa kira ana amsawa, wanda ba ya nan a buga masa a tambaya. Da ya kai kan Kulu, Dattijo ya ɗaga waya sama ya karanta da ƙarfi, shi Asabar da hantsi, ita Asabar bayan Azahar. Malam Abdurra'uf ya karanta nasa da na surukinsa. Har aka kai suna na hamsin da takwas ba a rasa kowa ba. Alhaji ya rufe littafin ya ce a ci gaba da shi har ƙarshen rani.

Jiya Asabar na bi Baba gona don in ga ruwan da idona, na tafi da kwamfutar a jaka ko wani abu zai taso. Dattijo ya ba Inna Kulu lokacinsa na hantsi, ya ce dashenta ba zai jira Azahar ba. Na tsaya ina kallon ruwa yana bin kunya, ƙasa tana sha tana ƙara. Ba zan yi maka ƙarya ba, kunya huɗu na ƙarshe sun mutu, ba su tashi ba. Baba ya kawo ragowar irin tumatirin da ya yi rainonsa, ni da shi da Inna Kulu muka sake dasa su, kuma ka gaya wa masu cewa ban iya aikin gona ba su zo su ga bayana yau, ko miƙewa ba na iya yi sosai. Sauran gonar kuwa kafin La'asar ganye ya fara ɗagowa. Inna Kulu ta riƙe hannuna ta sa min albarka, sannan ta ce saura gyara ɗaya: ba ta yarda a riƙa sa sunan Dattijo gaba da nata a saƙo ba, ita da ta goya shi yana majina lokacin da aka kawo ta gidan. Na yi mata alkawari, kuma yau da safe na cika.

Da za mu dawo na kai hannu zan ɗauki jakar kwamfutar, sai Baba ya riga ni. Ya rataya ta a kafaɗa tare da fartanyarsa, na ce ya kawo, ya yi kamar bai ji ba. Haka muka ratso gari, shi a gaba ni a baya. A bakin kasuwa wani abokinsa ya tsayar da shi ya tambaye shi me ya ɗauko haka a jaka kamar ɗan makaranta. Baba ya gyara mata zama a kafaɗarsa ya ce kayan aikin Surayya ne, ita ke raba mana ruwa. Na ja hijabi na rufe fuskata, don ban so mutanen kasuwa su ga ina kuka.

Baba da Umma suna gaishe ka, suna sa maka albarka, Umma ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Yaya Sa'a da maigidanta suna gaisuwa, haka Barira da yaranta. Malam Abdurra'uf ya ce in isar maka da sallamarsa, yana yi maka addu'a. Inna Kulu ta ce kwandon farko in ya nuna da rabonka a ciki, sai dai mu ci maka. Ka gaishe min da Anti Latifa da kyau da kyau, ka shafa min kan Jamaluddeen. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Surayya.